Mai aiki wuri biyu, duba fanshonka da harajinka tun ba a aiko maka da takarda ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum Malam Edita, ranka shi daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya aiki ya haƙuri da jama'a. Don Allah ka ɗan ba ni fili a jaridar nan taku in yi magana da 'yan uwana masu aiki wuri biyu, don ni ma cikinsu nike, kuma abin da na gano a 'yan watannin nan wallahi ya tsaya min a rai, na ga in na yi shiru ban kyauta ba.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare mai zaman kanta a nan Birnin Kebbi, daga bakwai da rabi na safe har ƙarfe biyu ina aji, in na yi azahar na ɗan sa wani abu a ciki sai in hau mashin in nufi wani kamfanin casar shinkafa inda nike riƙe musu littafin kuɗi, shigar buhu da fitar buhu da kuɗin lebura da na dizal, wani lokaci sai bayan isha'i nike shigowa gida duk jikina ƙaiƙayi. Ba ni kaɗai ba ne, ka zagaya Badariya da Gesse da Nasarawa ka gani, nas ce tana asibiti kaza da safe tana wani da dare, direba ne yana ja wa makaranta bas yana kuma yi wa wani kamfani dakon kaya ranar Asabar da Lahadi, ai yanzu albashi ɗaya bai kai mutum ashirin ga wata, kowa ya sani. To amma kusan dukkanmu abin da muke dubawa alat ne kawai, da ya shigo shi ke nan, ba mai tambayar mi aka cire, ina aka kai shi, mi ya kamata a zuba mai da ba a zuba ba.

Abin da ya buɗe min ido sabuwar dokar haraji ce, wadda shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta fara aiki 1 ga Janairun 2026. A ƙarƙashinta naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kai, daga nan har zuwa miliyan 3 ana cire kashi 15 cikin ɗari, daga miliyan 3 zuwa miliyan 12 kashi 18, haka yake ta hawa har ya tsaya a kashi 25 ga manya masu samun sama da miliyan 50. Da na ji haka na yi murna kamar kowa. Ranar wata Juma'a da ba mu da aiki sosai a injin sai na ɗauko takardun albashina guda biyu na ajiye kan tebur gefe da gefe, na jawo kalkuleta, ina son in ga nawa sauƙin ya kai. Nan fa gumi ya fara keto min.

Bari in faɗi kuɗin a fili don a gane, ba abin ɓoyo ba ne. A makaranta ana ba ni 150,000 a wata, wato 1,800,000 a shekara, suna cire min fansho kashi 8, naira 12,000 duk wata, 144,000 ke nan a shekara. A kamfanin shinkafa ana ba ni 120,000 a wata, 1,440,000 a shekara, kuma ba su cire min ko sisin fansho. Akantan makaranta in zai yi lissafin harajina yana cire fanshon, ya cire 800,000 ɗin nan da babu haraji, ya buga sauran da kashi 15, harajin shekara ya kama 128,400. A kamfani ma haka, su ma suna cire min 800,000 nasu daban kamar ba ni da wani aiki a duniya, harajin ya kama 96,000. In ka haɗa biyun 224,400.

To ga inda gizo ke saƙa. Wanga rangwame na 800,000 na mutum ne, ba na wurin aiki ba ne, sau ɗaya ake ba ka shi a shekara ko wurin aikinka goma ne. Hukumar haraji kai take kallo da duk abin da ya shigo hannunka. In aka haɗa nawa ya zama 3,240,000, a cire fanshon makaranta saura 3,096,000, ka ga har na ɗan leƙa cikin layin kashi 18. Harajin gaskiya a kan wannan 347,280 ne. Wato tsakanin abin da ake cire min da abin da doka ta ce in biya akwai ratar 122,880, fiye da albashina na wata guda a kamfanin, kuma ba akantan makaranta za a bi ba, ba na kamfani za a bi ba, kowannensu ya yi daidai da abin da ya sani, ni za a bi. Da can mutum na iya cewa wa zai sani, amma yanzu da komai an ɗaure shi da NIN da BVN, albashi duk ta banki yake biyowa, kuma kowane wurin aiki yana miƙa wa hukumar harajin jiha sunayen ma'aikatansa da abin da ya biya su kafin ƙarshen Janairu, ni dai ban ga dabarar ɓuya ba, kuma ko da akwai ba na son in kwana da bashin da ban san ranar da za a zo karɓa ba. Doka ma ta ce shi kansa mutum ya bayyana abin da ya samu a shekarar da ta wuce kafin 31 ga Maris.

Da na natsu sai na fara tambayar kaina, to ta ina mutum zai rage wanga nauyi ta hanyar halas, ba ƙarya ba ɓoye-ɓoye? Amsar tana kan takardar da ke gabana ashe, layin fanshon nan da babu komai a cikinsa. Domin duk kuɗin da ka zuba a asusun fansho ana cire shi ne daga albashi kafin a yi lissafin haraji, gwamnati ba ta taɓa shi.

Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba aƙalla kashi 8, wanda ya ɗauke shi aiki ya ɗora aƙalla kashi 10 daga aljihunsa, kashi 18 ke nan duk wata, ana lissafa shi a kan asalin albashi da kuɗin gida da kuɗin mota. Ni nawa albashin duk cikin ukun nan yake shi ya sa lissafin ya zo da sauƙi, wani nashi zai ɗan bambanta. Dokar ta ambaci kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye, mu kuwa a injin nan in ka ƙirga masu albashin wata kawai mun haura talatin. Kuma ban ga inda aka ce don kana da wani aiki da safe sai wanda kake yi wa aiki da yamma ya kuɓuta ba.

Na sami manaja a ofis ranar Litinin bayan la'asar, yana cin gyaɗa yana duba waya, na ce ranka shi daɗe na zo ne kan maganar fansho. Ya ɗago ya dube ni ya ce, haba Malam, kai da makaranta ke yi maka, ai mutum bai yin fansho biyu, kuma in muka fara cire maka kai ne za ka dawo kana kuka albashi ya ragu. Ban ji haushinsa ba don na ga shi ma haka ya ɗauka tsakaninsa da Allah. Na ce masa ranka shi daɗe ba fansho biyu ba ne, asusu ɗaya ne, lamba ɗaya ce, ita za ku riƙa zuba wa kamar yadda makaranta ke yi. Sai da muka yi kusan wata biyu ana je ka dawo, na buga masa shafin dokar na kai masa, ya kai wa mai kamfani, daga ƙarshe dai Allah ya taimaka aka amince, ba ni kaɗai ba har da sauran ma'aikata, wasu suna ta yi min addu'a wasu kuwa har yau suna ganin ni na ja musu ragin albashi.

Ga abin da ya canza. Yanzu ana cire min 9,600 a wata a kamfani, su kuma suna ɗora 12,000, wato 21,600 ke shiga asusuna duk wata daga wurin da da ba ya shigar da ko ƙwandala. Abin da ake yi wa haraji ya sauko zuwa 2,980,800, na fita daga layin kashi 18 gaba ɗaya, harajin shekara ya koma 327,120, ragin 20,160 ke nan. Ka duba fa, na saki 9,600, an mayar min da 1,680 ta hanyar ragin haraji, an kuma ƙara min 12,000 a asusu. Wane adashi ne zai yi maka haka? Abin da ke ci min rai shi ne shekara uku na yi a wurin kafin in farga, in na yi lissafi da albashina na yanzu kason kamfani kaɗai 432,000 ne ya wuce ni, ban da ribar da zai haifar.

Maganar lamba ɗaya ɗin nan ina roƙon a riƙe ta da kyau. Akwai wata 'yar uwarmu nas, da ta sami aiki na biyu sai wakilin wani kamfanin fansho ya zo da fom ya ce kowa ya cika, ita kuma ba ta san komai ba ta cika, can baya ne kafin a ɗaure abin da NIN, sai ga ta da lamba biyu a kamfani biyu, kuɗi rabi nan rabi can. Ba ta san matsala ba ce sai da ta je neman bayanin kuɗinta, aka yi ta tura ta daga wanga ofis zuwa wancan, kawo takardar ɗaukar aiki, kawo ta haihuwa, sunanki a nan da harafi kaza a can babu, ta fi wata huɗu tana zarya kafin a daidaita. Asusun ritaya ɗaya ne tak ga mutum har ya bar duniya, ko ka canza aiki sau nawa da shi kake tafiya. In kamfanin fanshonka bai yi maka ba kana da damar komawa wani sau ɗaya a shekara, tun Nuwamban 2020 hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe wannan ƙofa, amma lambarka ba ta canzawa. Wanda kuma ya yi rajista kafin Yulin 2019 ya je ya sabunta bayanansa da NIN tun yana da ƙarfin zirga-zirga.

Sannan cirewa daban, zubawa daban. Wasu wuraren aikin suna cirewa a takarda amma kuɗin bai isa asusu, sai ranar ritaya mutum ya tarar da wayam. Doka ta ba su kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi su zuba, in suka yi jinkiri akwai tara ta aƙalla kashi 2 na kuɗin duk wata. Ni yanzu duk wata ina jiran saƙo biyu a waya daga kamfanin fanshona, na makaranta da na injin, in ɗaya bai zo ba zuwa tsakiyar wata sai na je na tambaya.

Akwai kuma abin da ake cewa ƙarin ganin dama, wato ka ce wa wurin aikinka su ƙara cire maka wani abu bayan kashi 8 ɗin su zuba a asusun. Shi ma ana cire shi kafin haraji. Ni na fara da 10,000 a wata, 120,000 a shekara, wanda ke rage min haraji da 18,000, ka ga duk dubu ɗaya da ta shiga asusun 850 ce ta fita daga aljihuna. Mai aiki biyu ya lura da ta inda zai bi da shi. Ka bi ta wurin da albashinka ya fi yawa kuma ake cire maka haraji a kai a kai, don nan ne za ka ga sauƙin a cikin watan. In aikinka na biyu ɗan ƙarami ne da ba su ma cire maka haraji, ka zuba ta can ba za ka ga ragin komai a alat ba sai ka bi ta hukumar haraji da takardu. Kuma kar a ɗauke shi kamar asusun banki da za ka sa yau ka zara gobe, wasu sun yi ta yin haka don gudun haraji shi ya sa a 2017 PenCom ta ƙara ɗaure sharuɗɗan cirewa, dokar 2014 ɗin ma ta ce in ka cire kafin shekara biyar ribar da kuɗin ya samar sai an cire mata haraji. Ka sa su karanta maka sharuɗɗan da Hausa kafin ka sa hannu, kuma kar ka zuba kuɗin da ka san za ka nema in damina ta faɗi.

Na san abin da mutanenmu za su ce don an faɗa min a majalisa ba sau ɗaya ba. Na farko, naira ba ta da tabbas, a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, gara mutum ya sayi ɗan maraƙi ko fili ko ya ajiye shanshara. Wallahi maganar tana da ƙamshin gaskiya, ni ma ina da 'yar gonata ta fadama kuma ba zan ce wa kowa ya kwashe duk abin da yake da shi ya kai fansho ba. A kan ƙarin ganin dama kowa ya auna da kansa. Amma kashi 10 na mai kamfani fa? Wannan in ba ka shiga tsarin ba ba a hannu za a ba ka shi ba balle ka sayi maraƙi, zama zai yi a aljihun mai shi. Kuma ni da ke zaune a injin na ga waɗanda suka ajiye shinkafa da tsada farashi ya faɗo suka sayar da asara suna hawaye, dabba kuwa kowa ya san halin da ƙauyukanmu ke ciki, nawa aka kore wa garke a dare ɗaya. Ba wata ajiya da ba ta da nata haɗarin, shi ya sa ba a tara ta wuri guda.

Na biyu, kuma shi ya fi damun mutane a nan, maganar kuɗin ruwa. Ni ma ta daɗe tana yi min nauyi. To tun 2021, cikin rukunonin da kamfanonin fansho ke juya kuɗinmu, akwai rukuni na shida, wanda ba a juya kuɗinsa ta hanyar ruwa, ana sa shi ne a irin su sukuk da hannun jarin da ya dace da shari'a, sukuk ɗin nan dai da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 ake gina hanyoyi da shi. Fom kawai za ka cika a kamfanin fanshonka ka ce a mayar da kai can. Ni na yi, ban biya ko sisi ba. Abin mamaki a ɗakin malamanmu mu goma sha wani abu, mutum biyu ne kawai suka taɓa jin labarinsa.

Na uku su ce kuɗin ya maƙale sai ka tsufa. E, sai ka yi ritaya kuma ka kai shekara 50, ai amfaninsa ke nan. Amma wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai sami wani ba zai iya karɓar kashi 25 na abin da ya tara, kuma tun 2022 an yarda a yi amfani da kashi 25 a matsayin kuɗin farko na mallakar gida.

Kar kuma a manta da kuɗin haya, sabuwar dokar ta ba da rangwamen kashi 20 na hayar da kake biya a shekara, iyakarsa 500,000. Ni hayata 300,000 ce, ana cire min 60,000 daga abin da za a yi wa haraji, 9,000 ke nan ta dawo. Shi ma sau ɗaya ne, wuri ɗaya za ka kai rasit ɗin, kar ka kai wa akanta biyu.

Wanda aikinsa na biyu na kansa ne, ɗinki ko shago ko Keke, akwai ƙaramin tsarin fansho na masu sana'ar hannu da aka ƙaddamar a Maris 2019, ya je ya tambaya yadda zai haɗa da nashi. Ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci kuwa nashi daban ne, kundin tsarin mulki ya hana shi cin albashin kujerar gwamnati biyu ko gudanar da kasuwanci, noma kawai aka bar masa, don haka maganata ta fi shafar mu na kamfanoni da makarantu da asibitocin kuɗi.

Ni abin da na yi da ratar harajin nan, na je ofishin hukumar harajin jiha da takardun albashina biyu na bayyana musu komai, sannan na gaya wa akantan kamfani ya daina ba ni rangwamen 800,000 tunda makaranta na ba ni. Alat ya ragu, ba zan ɓoye ba, watan farko sai da uwargida ta tambaye ni ko an rage min matsayi ne, na zaunar da ita na nuna mata lissafin a bayan littafin ɗanmu.

Roƙona gare ka Malam Edita, ku ware ko rabin shafi ne duk mako a riƙa bayanin haraji da fansho da Hausar da mai gadi da direba za su gane, da misalin albashi irin namu na dubu tamanin da dubu ɗari, ba na masu miliyoyi ba. Hukumar harajin jiharmu da kamfanonin fansho su ma su shiga rediyo, su zo Jega da Argungu da Yauri da Zuru su zauna da mutane, ba sai ranar cika fom kawai a gan su ba. Masu makarantu da masu injina da masu asibiti kuma don Allah ku riƙa ba ma'aikaci takardar albashi a rubuce duk wata, da yawa daga cikin abokan aikina ba su taɓa riƙe ta a hannu ba, to da mi za su yi irin lissafin da na yi? Akwai wani dattijo da ke gadin injinmu da dare, da rana kuma yana gadin wani sito a kasuwa, jiya ya tare ni a bakin get ya miƙo min wayarsa ya ce, ɗana duba min wanga saƙo, wai kuɗi ne suka shiga ko mi? Na duba, zubin fanshonsa ne na farko a rayuwa, yana da shekara hamsin da wani abu. Ya ce to na wancan wurin fa, su ma za su yi? Na ce masa Baba ranar Asabar in Allah ya kai mu ka jira ni, tare za mu je.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani malamin lissafi,
Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.